Shirley Walker da kiɗan katun ɗin Batman

Daren jiya da aka ɗauke wuta na maƙala abin ji a kunne, na kunna kiɗan katun ɗin Batman na 1992, babu hoto, kiɗan zalla. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Mu da yawa mun ɗauki katun abin rarrashin yara ne, a kunna musu su yi shiru, shi ya sa ba mai tsayawa ya saurari abin da ke gudana a bayan hoton. Ni kuwa kiɗan ne ya fara kama ni tun kafin labarin.

Shirin ya fara fita a Amurka a watan Satumba na 1992. Kiɗan buɗewa na Danny Elfman ne, daga wanda ya tsara wa fim ɗin Batman na 1989. Wanda ya taɓa kallo ya san ba a furta ko kalma ɗaya a buɗewar nan, ko sunan shirin ba a rubuta ba. Banki ya tarwatse, ɓarayi biyu sun ranta a na kare har saman rufin gini, sai walƙiya ta haska Batman a tsaye. Ƙahoni da goge ne suke ba da labarin gaba ɗaya.

Amma sunan da nake so jama'a su riƙe shi ne Shirley Walker. Ita ce ta jagoranci makaɗan da suka buga kiɗan fim ɗin 1989, ita kuma aka damƙa wa kiɗan katun ɗin. Kowane kashi da nasa sabon kiɗan, mutane ne na gaske suke zama da kayan kiɗa su buga, a lokacin da shirye-shiryen yara da yawa suke juya guntun kiɗa ɗaya har ya gundure ka. Ta tsara wa Batman wani take nata daban da na Elfman, ta kuma ba kowane mugu nasa taken. Na Joker yana da raha a sama kamar na filin wasan yara, amma in ka kasa kunne za ka ji akwai abin da ba daidai ba a ƙarƙashi. Kafin ya bayyana ka san ya iso.

Ba ita kaɗai ta ci ba. Ta jawo matasa irin su Lolita Ritmanis da Michael McCuistion da Kristopher Carter, ta koya musu aiki, su ne daga baya suka yi kiɗan katun ɗin Justice League. A fim ɗin katun na Batman mai suna Mask of the Phantasm na 1993 ma, wanda ita ta yi wa kiɗa, abin da mawaƙa suke rerawa da kake zaton wani tsohon harshe ne, sunayen abokan aikinta ne aka karanta daga ƙarshe zuwa farko. Wannan abu yana taɓa min zuciya ƙwarai.

Abin da ke min ciwo shi ne an yi shekara goma sha shida kafin a fitar da kiɗan shirin a faifai. Kamfanin La-La Land Records ne ya fitar a 2008, faifai biyu, kwafi 3,000 kacal, aka saye su tas, sannan suka ƙara wasu kundin a 2012 da 2014. Ita kuwa ta rasu a watan Nuwamba na 2006, ba ta riƙe ko ɗaya a hannunta ba.

Har aka dawo da wuta ban cire abin daga kunne ba, na sake mayar da taken Batman nata daga farko.