Tsakanin Samaru da Kongo: wa zai yi nazarin dokar abincin da muke ci?

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun ragowar maganin ƙwari na dichlorvos a jikinsa, wato sinadarin da ke cikin abin da muke kira fiya-fiya, fiye da adadin da dokarsu ta lamunta. Masu fitar da kaya sun koka, jami'ai sun yi taruka. Sai dai irin waken da Turawa suka ƙi, mu muka ci gaba da cin sa a ƙosai da alale, domin babu mai tsayawa a bakin kasuwar Sabon Garin Zariya ko ta Giwa yana gwada buhu kafin a fara auna shi a mudu.

Irin wannan giɓi shi ne aikin fagen ilimin da ya haɗa dokar abinci da manufofin gwamnati a kansa. Fage ne da ke tambayar wanda alhaki ya rataya a wuyansa idan abinci ya cutar da mutum, da ma'aunin da za a bi kafin a ce abu ya dace da cin ɗan Adam, da kuma yadda shawarar da aka yanke a Abuja ke sauya farashin tiya a Tudun Wada. Ra'ayina shi ne Najeriya na buƙatar a koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa, kuma babu garin da ya fi Zariya dacewa da ɗaukar wannan nauyi.

Dokoki dai muna da su. Akwai dokar abinci da magunguna ta 1974, akwai hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993, ga hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. Amma ƙarfin waɗannan hukumomi ya fi bayyana a kan abincin da kamfani ya sarrafa, ya sa a kwali ko a leda, ya buga masa lamba. Kasuwanni da mayanka da gidajen burodi da wuraren sayar da dafaffen abinci kuwa, kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da su a kan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne suka fi kowa rauni ta fuskar kuɗi da ma'aikata. Dattawanmu suna tuna zamanin da ake shakkar duba-gari, ya leƙa randa, ya duba nama, ya sa a zubar da abin da ya lalace. A yau mafi yawan abin da talaka ke ci, daga hatsin mudu zuwa tsiren bakin titi da ayabar da aka nuna da sinadarin kabayid, yana faɗawa ne a ɓangaren da doka ta fi sakaci da shi.

Dalilin da ya sa na ce Zariya a fili yake. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona da ta samo asali tun 1922, shekaru arba'in kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello. A Shika akwai cibiyar binciken dabbobi. A harabar jami'ar da ke Kongo kuma ga Tsangayar Shari'a. A Samaru aka samar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar wake, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta, aka amince da shi a 2019 ƙarƙashin dokar 2015 da ta kafa NBMA, hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan sauye-sauyen ƙwayar halitta, sannan masarar TELA, wadda ita ma aka sauya wa ƙwayar halitta, ta biyo baya a 2024. An yi ta muhawara mai zafi a kansu, akasari a Facebook, kuma kaɗan ne daga cikin masu muhawarar suka taɓo tambayar da ta fi shafar lauya. Idan mai saye yana da haƙƙin sanin irin abin da yake saye, ta yaya za a sanar da shi a kasuwar da ake juye buhuna uku a tabarma ɗaya? Dokar manna bayani a jikin kaya an tsara ta ne domin kanti, ba domin mudu ba. Masanin iri shi kaɗai ba zai warware wannan ba, haka ma lauyan da bai taɓa zama a rumfar 'yan hatsi ba.

Kada kuma a ɗauka cewa baƙon ilimi ne. Hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu, tushe ne na kare mai saye. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan tauye mudu da ɓoye abinci don ya yi tsada da aikin mai kula da kasuwa. Ɗan kasuwar da ba zai saurari sashe kaza na doka ba yakan saurari wannan.

Wasu za su ce matsalarmu rashin aiwatar da doka ce, ba ƙarancin nazari ba. Gaskiya ne, amma dalilin rashin aiwatarwar ai shi ne abin binciken. A 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben dichlorvos, duk da haka mai ajiyar wake bai daina neman sa ba, saboda ƙwari na iya cinye masa jari cikin 'yan watanni. Akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska ba tare da magani ba, sai dai ya fi buhun gama-gari tsada. Ko gwamnati ta sauƙaƙa farashinsa ne, ko ta tsananta hukunci, ko ta ɗora alhakin a kan shugabannin kasuwa? Amsar tana buƙatar alƙaluma daga kasuwanninmu. Haka nan rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya cancanci a auna wanda ya amfana da wanda ya sha wuya, manomin shinkafa ko magidanci mai albashi. Sannan gyaran tsarin mulki na 2023 ya ambaci wadatar abinci, amma a babi na biyu, wanda ba a iya tilasta wa gwamnati cika shi a kotu.

Farawar ba ta buƙatar sabon gini. Ya isa a haɗa ɗalibin shari'a da ɗalibin aikin gona a aikin kammala karatu guda, a ce su bi buhun wake ɗaya daga gonar manomi a Giwa zuwa ɗakin ajiyar dillali, zuwa kaskon mai ƙosai a Tudun Wada, su rubuta abin da aka zuba masa a kowane zango, da hukumar da doka ta ce ta duba shi a wurin, da kuma ko wani ya taɓa zuwa dubawar.