Ka Sayi Mota, Kada Ka Sayi Haruffan Bayanta

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa na Yamai da Tawa, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa, iyali suka fara yawa, babur ya daina isa. Maganar tawa da ku ce, a kan motar gida mai ƙofa huɗu, matsakaiciya, irin su Camry da Accord da Sonata. Abin da ke damuna shi ne yadda yaro zai tara kuɗin shekaru, wani ma da bashi a ciki, ya je gaban mai sayarwa, tambayarsa ta farko ita ce: XSE ce ko XLE? Bai tambayi inji ba, bai duƙa ya leƙa ƙarƙashi ba, bai karanta taya ba. Haruffa biyu ko uku da aka manna a baya su suka yanke masa shawara, don a ce a fada wane ya shigo da babba. Ku ji tsoron Allah a dukiyarku, wannan kuɗin haƙƙin iyali ne.

Bari in ɗauki Camry, tunda ita ce aka fi sani, kuma kayan gyaran Toyota sun fi sauƙin samu a garuruwanmu. Ƙirar da aka yi daga 2018 zuwa 2024, wadda ake sayarwa a Amurka, tana da matakai: L, LE, SE, XLE, XSE, sai TRD da ta shigo a 2020. Abin da yawancinku ba ku lura da shi ba, LE da SE da XLE masu silinda huɗu, masu isansi zalla, duk inji ɗaya ne a cikinsu, mai lita 2.5, ƙarfin doki 203, da buwat mai canja giya da kanta har hawa 8. Jakunkunan iska na kariya guda 10 ne a dukansu. Na'urar da ke hango abin da ke gaba ta taka birki ma tana cikin kowacce. To ƙarin kuɗin na mene ne? Na kujera ne, da janti, da allo, da rufin gilashi, da lasifika. LE kujerar yadi ce, SE fatar roba, XLE da XSE fata. Wanda ya sayi SE yana zaton ta fi LE gudu, ya yaudari kansa.

Yanzu ku zo kan taya, domin nan ne matakin sama yake cutar da mai shi a hanyoyinmu. A gefen kowace taya akwai lambobi uku. Ta LE tana cewa 215/55 R17. Ta SE da XLE 235/45 R18. Ta XSE 235/40 R19. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a kashi ɗari na faɗin, ta uku girman janti. In ka yi lissafi, robar da ke tsakanin janti da ƙasa a LE ta kai kusan milimita 118, a SE kusan 106, a XSE 94 kawai. Wannan robar ita ce ke shanye duka in ka faɗa rami. Idan ta yi gajarta, dukan sai ya wuce kai tsaye: gefen taya ya yi ƙulu, janti ya lanƙwashe ko ya tsage, iska ta riƙa zurarewa kullum, daga baya amotisa da robobin ƙafa su bi. Ƙari a kan haka, SE da XSE an ɗaure ƙafarsu da tauri don kwana a kan kwalta mai santsi. Kai kuwa gidanka yana Talladje ko Bobiyel, daga kwalta zuwa ƙofarka jar ƙasa ce da yashi, ga tudun rage gudu a kowane gari daga Doso zuwa Dogon Dutsi har Ƙonni. Sannan tayar janti 19 ta fi tsada, kuma in ta fashe maka tsakanin Ƙonni da Tawa, samun irinta a kusa ba abu ne mai sauƙi ba. A ganina, ga mai iyali a Nijar, janti 16 ko 17 ya fi 19 nesa ba kusa ba, ko da za a ba ka 19 ɗin kyauta.

Kuma ku sani, motar nan ƙasa-ƙasa take. Tsakanin cikinta da ƙasa bai kai santimita 15 ba, babu kowa a ciki. Ka zuba mutum biyar da buhun gero a baya, sai ta ƙara zama. Idan hanyar ƙauyenku yashi ce mai zurfi, ko akwai ƙorama da ake tsallakawa da damina, babu matakin da zai cece ka, irin motar ce ba ta dace da kai ba. Gara ka sani tun kuɗin suna hannunka.

Rufin gilashi babba da ke zuwa a wasu XLE da XSE yana da kyau a hoto. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, tanda ne a kan yaranka, kilim kuma sai ya ninka aiki. Yana da ƙananan bututu a kusurwoyinsa da ke fitar da ruwan sama. Ƙurar hunturu tana toshe su a hankali, ba ka sani ba, sai ruwan Agusta ya zo ya bi ta cikin rufi ya sauka kan kafet, inda wayoyin lantarki suke kwance. Kujerar fata ma haka, tana ƙona jiki in mota ta yini a rana, kuma tana tsagewa in ba a kula da ita.

Ban ce duk abin da ke matakin sama banza ne ba. Akwai abu ɗaya da ya cancanci kuɗi: mafitar iskar kilim ta kujerun baya. Ba kowane mataki ke da ita ba. Ka buɗe ƙofar baya ka duba bayan akwatin da ke tsakanin kujerun gaba. In akwai, yara da uwarsu za su ji bambanci a doguwar tafiya. Fitilar madubi da ke nuna maka abin da ke gefenka inda ido ba ya gani ma tana da amfani a garin da babura ke shigowa ta dama da hagu. Masu son haɗa waya da allo kuma, Apple CarPlay ya shigo Camry a 2019, Android Auto a 2020. Wannan shekara ce ke kawo shi, ba haruffan baya ba.

Maganar inji. Mai silinda shida, lita 3.5, doki 301, wanda ake samu a XLE da XSE da TRD, inji ne nagari, amma me za ka yi da shi tsakanin gida da makarantar yara? A ma'aunin Amurka, LE mai silinda huɗu tana shan kusan lita 7.4 a kilomita 100, mai shida kusan 9, LE mai haɗin batir da isansi kusan 4.5. Ka ɗauka kana yin kilomita 1,500 a wata: lita 111 ke nan, ko 135, ko kusan 68. A nan, da kilim a kunne kullum da cunkoson gari, kowacce za ta sha fiye da haka, amma tazarar tana nan.

Mai haɗin batir ɗin tana buƙatar tunani na musamman, domin daga ƙirar 2025 Camry ta Amurka ba ta zuwa sai a haka, an daina mai silinda shida, matakan ƙirar 2025 ɗin kuma huɗu ne: LE, SE, XLE, XSE. Tsarin Toyota na haɗin batir ya daɗe kuma yana da juriya. Maƙiyansa biyu ne, kuma duka muna da su: zafi da ƙura. Babban batirin yana ƙarƙashin kujerar baya, wata fanka ce ke jawo masa iska daga cikin mota ta wata 'yar taga mai mataci a gindin kujerar. In ƙura ta toshe matacin, ko aka jingina jaka a bakinta, batir yana zafi, ransa yana raguwa. Share matacin aikin minti kaɗan ne, amma sai wanda ya san yana nan. Saboda haka kafin ka saya, ka nemo makaniken da ya san irinta kuma yana da na'urar karanta ta, a garin da kake zaune. Mazaunin Tawa kada ya dogara da mai gyara da ke Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500 ce. Kuma kada a bar yaron gareji ya taɓa wayoyin nan masu launin ruwan lemo, wutar da ke cikinsu tana kisa.

Wanda zuciyarsa ke kan Accord, ƙirar 2018 zuwa 2022 ta fi Camry wurin kaya a baya, lita 473 ita, Camry 428. Amma ƙaramin injinta mai lita 1.5 yana da turbo, buwat ɗinsa kuma CVT ce, wato marar hawa-hawan giya, mai son man Honda na musamman. Ba ta yafe sakaci. Isansin kwalba na bakin hanya ba nata ba ne.

Sai kalmar “sabuwa”. Sabuwa ta gaske ita ce wadda ta fito daga wakilin kamfani da takardar garanti da sunanka. Yawancin abin da ake kira sabuwa a filayen sayar da motoci, sabuwar shigowa ce, ta yi rayuwa a wata ƙasa kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Lome ko Kwatano, wasu ma daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya suka fito. Ba laifi ba ne saye, laifin shi ne saye a makance. Ka fara da lambar shasi, harafi da lamba 17, a gindin gilashin gaba ta wajen direba, da kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Dole su zama iri ɗaya da juna da abin da ke takardun duwan. Harafi na goma shi ne shekara: J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024, S 2025. In mai sayarwa ya ce 2022 ce ka ga K, magana ta ƙare. Haruffan baya kuwa ana sayen su a manna. SE ta gaske tana da bakin salansa biyu a gefe ɗaya da 'yan maɓallan canja giya a bayan sitiyari, XSE mai isansi zalla tana da baki huɗu. Waɗanda suka zo ta ƙasashen Larabawa sunayen matakansu daban ne, za ka ga GLE ko Grande, don haka ka ƙirga kayan da ke ciki da idonka. Ma'aunin tafiya na motar Amurka da mil yake, ka ninka da 1.6: mil 60,000 kilomita 96,000 ne.

Ka zo da sassafe, injin yana sanyi, kada ka yarda a ɗuma maka shi kafin ka iso. Ka kunna wuta ba tare da tayar da inji ba: fitilar jakar iska da ta inji da ta ABS (na'urar hana taya kullewa in an taka birki) dole su kama, bayan an tayar su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an kashe ta ne don ɓoye wani abu. Ka tura kujerar gaba baya ka duba ƙarfen da take zamewa a kai, ka ɗaga kafet, ka jawo bel har ƙarshe. Tsatsa, busasshen laka, ko warin rima, alamar ta sha ruwa ce, kuma irin wannan ba ta warkewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe allo ya mutu. Ka duba tazarar da ke tsakanin kapo da gefe, dama da hagu su daidaita. Ido na na'urar birki yana bayan tambarin Toyota na gaba, kamara kuma a saman gilashin gaba, in an taɓa bugun gaba aka sa tambari na gama-gari, na'urar ta tashi aiki. A ɗaga motar a duba ko an yanke tukunyar tace hayaƙi, domin ana cire ta a sayar. A jikin taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta yana nan, ba ta ɗaukar zafin kwaltar Ƙonni da iyali a ciki. Sannan ka tuƙa ta minti ashirin aƙalla, kilim a kunne, ka bi kwalta ka bi jar ƙasa, ka saurari ƙafa, ka ji ko giya tana fizga.

Makaniken da zai raka ka, kai za ka biya shi, kuma kada ya zama wanda mai sayarwa ko dillali ya kawo.

Kada kuɗinka su ƙare a ranar saye. Akwai asirans, akwai sauya kart giriz zuwa sunanka, akwai bidanj na farko da bai kamata ya jira ba. Injin lita 2.5 ɗin nan man 0W-16 aka rubuta masa, kusan lita huɗu da rabi, in babu a sa 0W-20. Man 20W-50 mai kauri da aka saba zuba wa tsofaffin motoci bai dace da shi ba, hanyoyin mansa sirara ne. A ƙasa mai ƙura, kamfanin da kansa ya ce a sauya a kilomita 8,000, ba 16,000 ba. Radiyata ruwan hoda na Toyota take so, ruwan famfo yana cin ta daga ciki. Matacin iskar inji da na kilim a duba su duk lokacin bidanj, da hunturu ma kafin lokacin. Kafin a ƙara wa kilim gas, a karanta takardar da ke ƙarƙashin kapo, domin sababbin motoci da yawa R-1234yf suke amfani da shi, ba R-134a da aka saba ba, kuma ba a gauraya su.