Latas ɗin Jakara: korensa ba hujja ba ce

Rani ya kama, lambunan bakin kogin Jakara sun sake cika kasuwannin Kano da latas da alayyahu da kabeji, tsohuwar maganar nan kuma ta dawo. Da zarar wani ya yi ƙorafi kan ruwan da ake bai wa waɗannan shuke-shuke, sai a nuna masa fadama kore shar a ce: "Da ruwan yana da guba, ai da shukar ce za ta fara mutuwa." Wannan magana tana ɓata mini rai, musamman da yake har masu ilimi suna maimaita ta, alhali a juye take.

Kowa ya san abin da ke kwarara cikin Jakara: kwatamin birni, da rafin Getsi da ke ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, har su zube a madatsar Wasai. Ta kudu kuma kogin Challawa ne ke karɓar na masana'antun jima, waɗanda ke aiki da kuromiyam. Ga dalma da kadmiyam daga tsofaffin batura da fenti, dukkansu ƙarafa ne masu guba. Abin da ya sa ganyen ke yin kyau shi ne ruwan kwatami cike yake da taki. Ruwan da ke ciyar da shukar shi ne dai ke ɗauke da gubar.

Shuka ba ta da ƙafar gudu, saboda haka Allah Ya hore mata dabarun jurewa. Na farko, takan tare gubar a saiwa, inda bangon ƙwayoyin halittarta ke riƙe ta. Shi ya sa mafi yawan dalma ke maƙalewa a ƙasa. Kadmiyam kuwa ya fi wayo, domin ya yi kama da tutiya da sauran ma'adinan da shuka ke nema, sai ya bi hanyarsu ya haura har ganye. Da ya shiga, shukar takan ƙera wasu ƙananan sinadarai da ake kira fitokelatin, waɗanda masana a Jamus suka bayyana a 1985. Su ne ke ɗaure ƙarfen, su kai shi wata 'yar jaka da ke cikin ƙwayar halittar, su rufe. Kamar mai gida ne ya kama maciji ya kulle a rumbu: shi ya huta, amma wanda zai zo ɗibar hatsi bai huta ba. Ƙarfe ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa. Yana nan cikin ganyen da muke yankawa mu zuba ƙuli. Kafin latas ya nuna alama, ganye ya yi rawaya, saiwa ta tsumbure, kadmiyam ɗin da ke cikinsa ya riga ya wuce abin da ya kamata mutum ya ci.

Japan ta ga wannan da idonta. A lardin Toyama, ruwan kogin Jinzu ya ɗauko kadmiyam daga ma'adinar Kamioka, aka yi ta ban ruwan shinkafa da shi shekara da shekaru. Shinkafa ta nuna, an girbe, an ci. Mutane ne, musamman mata manya, ƙodarsu ta lalace, ƙasusuwansu suka riƙa karyewa. Sai a 1968 gwamnati ta amince cewa kadmiyam ne ya jawo cutar da suke kira itai-itai. Wannan ƙarfe kan yi shekaru 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya bar jikin mutum, don haka kada kowa ya ce mini ya daɗe yana ci bai ga komai ba.

Masu cewa a wanke da ruwan gishiri, ƙura da ƙwayoyin cuta suke wankewa, abin da ke cikin jijiyar ganye bai san an yi ba. Tafasawa ma ba ta kashe shi.

Akwai kuma 'yan boko da suka gano kalmar "tsaftace ƙasa da shuka" suka riƙe ta kamar laya. Gaskiya ne akwai shuke-shuke masu ban mamaki. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke tekun Pasifik akwai bishiyar da kusan kashi 25 cikin 100 na busasshen ƙaronta ƙarfen nikel ne, kuma a 2001 masana a jihar Florida ta Amurka sun nuna wata shuka mai zuƙar gubar asenik. Mu ma muna da jema da kainuwa da rama. To amma aikin yana cin shekaru masu yawa, kuma dole a yanke shukar a killace ta. Wa zai hana akuya kiwo a nan? Wa zai hana a sayar da ramar a kasuwa? A Zamfara, bayan gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, ba ciyawa aka shuka a Dareta da Bagega ba. Kankare ƙasar gidajen aka yi, aka kwashe, aka zuba sabuwa. Shuka ciyawa alhali bututun masana'anta yana ci gaba da zuba, yaudarar kai ce kawai.

Ban ga laifin mai lambu ba, ruwan da ya samu shi ya yi aiki da shi. Laifin yana kan mai masana'antar da ya saki dagwalo ba tare da tacewa ba, da hukumomin da suka zuba ido. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, tun 2007 domin irin wannan. Ita da ma'aikatar muhalli ta jiha su auna ganyen Jakara da na Challawa kowane rani, su faɗa wa jama'a sakamakon a rediyo da Hausa. A haƙa wa masu lambu rijiyoyin burtsatse. Inda ƙasa ta riga ta gurɓace, a daina latas da alayyahu, tunda su ne suka fi tara kadmiyam a ganye. Masana'antar da ta ƙi tace ruwanta kuwa, a garƙame ta.