Wanda ya leƙa amsa bai buga wasan ba

Akwai wata DS, 'yar na'urar wasan hannu ta Nintendo mai allo biyu, da na ba ƙanena aro. To jiya ya dawo min da ita, kwana biyu kacal, yana washe baki wai ya gama Professor Layton, wasan kacici-kacicin da ke cikinta. Wasan da ya ci min kusan wata guda! Da na matsa masa sai ya ce ai duk inda ya maƙale YouTube yake shiga ya kwafo amsa. Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu ban huce ba.

Wanda ya leƙa amsa bai buga wasan nan ba. Kallo ya yi.

Tun da kamfanin Level-5 na Japan ya fitar da na farko a jerin wasannin a 2007, a kan wannan maƙalewar aka gina shi. Farfesa da yaronsa Luke sun shiga ƙauyen St. Mystere neman wata tuffa ta zinare, kuma duk wanda suka tare da tambaya sai ya fara jefo musu kacici-kacici. Akwai dalilin da ya sa mutanen ƙauyen suke haka, ba zan faɗa ba. Amma sai wanda ya sha wuya a hannunsu ne dalilin zai ratsa shi a ƙarshe. Shi ƙanena da na tambaye shi, cewa ya yi "ba laifi". Yo ta ina zai ji wani abu?

Ban manta da na kyarketai uku da 'yan tsaki uku ba, ɗan'uwan namu na kura da akuya da harawa. Gadon fito biyu kawai yake ɗauka, kuma duk gaɓar da kyarketai suka fi yawa sai su cinye 'yan tsakin. Bayan isha'i ne, an ɗauke wuta, ina kan tabarma, hasken allon nan biyu kaɗai ne a ɗakin. Na ɓata ya fi sau goma. Sai da na ɗauko ƙwayoyin gyaɗa da wake na jera a ƙasa ina tsallakar da su, kafin na gane ashe dole a riƙa dawo da wasu baya. Fito goma sha ɗaya, kowa ya haye lafiya. Daɗin da na ji a daren nan babu bidiyon da zai ba ka shi.

Kada wanda ya ce min yaro ne, ko Turancin ne ya yi masa nauyi. Ba gida ɗaya muke ba? Ya tambaye ni mana. Kada kuma a ce babu lokaci. Na'urar da in ka rufe murfinta take jiranka daidai inda ka tsaya? Masu wasan ma sun tausaya: sun ɓoye kwabbai a lunguna, ka tsinta ka sayi satar amsa har sau uku a kowane kacici-kacici. In ka yi kuskure maki kawai ake rage maka, ka sake gwadawa. Duk wannan sauƙin, amma ka tsallake ka je ka kwafa?

Bai buga ba. Na gaya masa ya goge abin da ya adana ya faro daga farko, in yana so in ba shi na biyun.

Af, ya kuma ɓatar min da ɗan alƙalamin taɓa allon. Mai sanin inda ake samunsa ya taimaka, har da caja. Ta samfurin DS Lite nake nema, domin bakin ta 3DS, samfurin da ya zo daga baya, ba ya shiga.