Ƙungiya Bakwai, Hannu Ɗaya: Nasiha Ga Ƙannena Masu Raina Ƙaramin Aiki

Assalamu alaikum ƙannena da sa'o'ina. Akwai wata magana da na gaji da jin ta a majalisa da gidajen kallo. Sai ka ga saurayi ya gama makaranta, an samo masa wani ɗan aiki, ya yamutsa fuska ya ce, "Ni ai na wuce nan." Wani kuma an sallame shi sau ɗaya, shi ke nan ya koma ɗaki ya kwanta, wai duniya ta juya masa baya. Yau zan ba ku labarin wani Ba'amurke ɗan wasa mai suna Danny Amendola. Na san yawancinku ba ku damu da ƙwallon Amurka ba, wannan da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana ta karo kamar raguna. Ku yi haƙuri ku saurara, ba wasan nake son ku koya ba.

Aikin Amendola a fili shi ne cafe ƙwallo. Mai jifa ya wurgo, shi kuma ya kuɓuce wa masu tsaronsa ya cafe, ya ci gaba da gudu har a kayar da shi. Da yadi ake auna ci gaban da ya samar. A babbar gasar ƙasar, wato NFL, ƙungiyoyi 32 ne, kowace da mutum 53 a jerin 'yan wasanta. Duk shekara akan yi zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, a ɗebi mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai. A 2008 Amendola ya fito daga jami'ar Texas Tech, aka yi zagaye bakwai ɗin nan kaf, babu ƙungiyar da ta kira sunansa. Ba shi da tsayin da ake so, ba shi da gudun da ke sa mutane su miƙe tsaye.

Dallas Cowboys ta ɗauke shi gwaji, ta sallame shi kafin a fara kaka, sannan ta maida shi rukunin 'yan atisaye. Ku fahimci wannan matsayi da kyau. Ɗan atisaye yana zuwa fili kullum, yana shan gudu da karo kamar kowa, sau da yawa aikinsa shi ne ya kwaikwayi ɗan wasan ƙungiyar da za a kara da ita domin manya su yi shiri a kansa. Ranar wasa kuwa, a wancan lokacin, ba ya ko sa riga. Haka ya cinye shekara guda. Daga nan ya koma Philadelphia Eagles, nan ma ɗan atisaye. Wane ne a cikinku zai jure shekara ɗaya da rabi yana yi wa wasu share fage, babu mai tafa masa?

A watan Satumba na 2009 St. Louis Rams ta ɗauko shi. Kada ku ɗauka wata babbar dama ce ta faɗo masa. A wannan kakar Rams wasa ɗaya tak ta ci cikin 16. Kuma aikin da aka fi ba shi shi ne wanda manyan taurari ke gudu: a bugo ƙwallo sama, ka tsaya kana kallonta tana saukowa, alhali ƙarti na tahowa kanka da iyakar gudunsu, ka cafe ka ruga cikinsu. Aiki ne na karya ƙashi. Ya karɓa hannu biyu, har ya fi kowa a gasar yawan yadin da aka samu ta wannan hanya a shekarar. A 2010 ya cafe ƙwallo 85, kuma idan aka haɗa duk yadin da ya samar ta kowace fuska, babu wanda ya kai shi a NFL gaba ɗaya.

Nan nake so mu ɗan tsaya. Ƙofar da ya shiga ta ita, ƙofar da wasu suka raina ce. Da ya ce shi mai cafe ƙwallo ne kawai, ba zai tsaya ana bugo masa ƙwallo a tattake shi ba, da tuni ya koma gida. Ni kaina na taɓa ƙin wani aiki a wani shago shekarun baya saboda an ce in fara da ɗaukar kaya da rubuta rasit, ina ganin takardata ta fi ƙarfin haka. Yaron da ya karɓa bayana, yau shi ke zuwa sarin kaya da kansa, shi ya san dillalai, shi ya san farashi. Ni kuwa na ƙara shekara biyu ina yawo da fayil a hammata. Ba wanda ya cuce ni, girman kai ne ya yi min tsada.

Sai kuma jiki ya fara ba shi matsala. A wasan farko na 2011 gwiwar hannunsa ta goce, kakar ta tafi a banza. A 2012 ƙashin wuyansa ya goce ya shige ciki, irin raunin da ke iya taɓa maƙogwaro ko babbar jijiyar jini. Cikin 'yan makonni ya dawo fili. Ba ina ce muku ku yi wasa da lafiyarku ba, wannan ganganci ne da ni ban yaba ba, kuma wasan nan ya nakasa mutane da yawa. Abin da nake nuna muku shi ne suna ya riga ya bi shi: mai saurin jin rauni. Da wannan tambarin ya tafi New England Patriots a 2013, kan kwantiragin shekara biyar, domin ya maye gurbin Wes Welker, wanda magoya baya ke matuƙar so. Abin bai yi daɗi ba da farko. Rauni ya sake kama shi, wani mai cafe ƙwallon, Julian Edelman, ya zama shi ne abin dogaron mai jifar ƙungiyar, Tom Brady, a 2014 kuwa ƙwallo 27 kacal Amendola ya cafe a duk kakar. Shekara uku a jere ƙungiyar tana rage masa albashi, yana sa hannu.

To amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, na Fabrairun 2015, Seattle na gaba da maki goma a zangon ƙarshe, shi ya cafe ƙwallon da ta fara rage tazarar, Patriots ta ci 28 da 24. Bayan shekara biyu, a wani Super Bowl ɗin a birnin Houston, kusa da garin da ya tashi, Atlanta ta yi musu fintinkau 28 da 3. Mutane sun fara kashe talabijin. Patriots ta dinga farfaɗowa, Amendola ya ci maki shida, sannan saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, ana 28 da 26, aka jefo masa ƙwallon da dole a cafe ko a tafi gida. Ya cafe, ya kutsa ya tsallake layi da ƙyar. Aka yi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, karo na farko a tarihin Super Bowl, suka ci 34 da 28. Mutumin da ba a zaɓa ba a 2008 ke nan. Bai taɓa samun yadi dubu ta hanyar cafe jifa a kaka ɗaya ba, ba a taɓa saka shi cikin wasan taurarin gasar ba, amma lokacin da hannun kowa ke rawa, shi aka nema.

Yanzu ga ɓangaren da masu irin wannan nasiha ba sa son faɗa, ni kuwa zan faɗa. Duk wannan bai sa an riƙe shi ba. A Janairun 2018 ya ci wa Patriots sau biyu a zangon ƙarshe suka doke Jacksonville, a Super Bowl ɗin da ya biyo baya ya samar da yadi 152 duk da Eagles ta yi nasara. Bayan wata ɗaya ya tattara kayansa ya koma Miami Dolphins, domin can aka fi ba shi kuɗi. Miami ta yi da shi shekara biyu a takarda, ta sallame shi bayan ɗaya. A NFL yawancin kuɗin kwantiragi ba tabbatacce ba ne, ana iya yanke ka ranar da aka ga dama. Ya wuce Detroit Lions ya yi kaka biyu, daga nan Houston Texans.

Shi ya sa nake jin takaici idan na ga ɗan'uwa ya ɗora duk darajarsa a kan sunan ma'aikatar da yake yi wa aiki. Katin shaida a wuya, hoto a bakin ofis a Facebook, amma ka tambaye shi me hannunsa ya iya wanda zai tafi da shi idan an karɓe katin, sai ya yi shiru. Kayan aro ba ya rufe katara. Riga bakwai Amendola ya sa, duk an karɓe su, abin da ba a iya karɓewa ba shi ne ya san inda zai tsaya, ya san lokacin da zai juya, kuma idan ƙwallo ta taɓa hannunsa da wuya ta faɗi. Duk garin da ya je sai ya haddace sabon littafin dabaru, ya saba da sabon mai jifa, ya zauna ƙarƙashin sabon koci, wani lokaci ma yaran da ya girma da shekara goma ne a gabansa. A gasar da matsakaicin ɗan wasa bai cika wuce shekara uku da ɗoriya ba, shi kaka 13 ya buga, ya cafe ƙwallo sama da 600.

Ƙanena, kai da aka sallama daga aiki watan jiya kana kwance kana jin kunyar fita, tashi ka wanke fuska. Kai kuma da ake ce wa ka zo ka fara da share shago ko riƙe wa oga sifana, je ka fara, ka buɗe ido ka kwashi abin da za ka kwasa. Idan an rage maka albashi, ka yi lissafi da hankali ko zaman na da riba, kamar yadda shi ya yi har ya samu kofi biyu. Idan kuma lokacin tafiya ya yi, ka tafi ba tare da zagi ko ƙone gada ba, domin wanda ka bari yau shi za a tambaya game da kai gobe.

Wasansa na ƙarshe a Janairun 2022 aka yi, yana da shekara 36. Houston ta riga ta fita daga lissafi tun tuni, wasa huɗu kacal ta ci a kakar, babu kofi, babu abin da za a samu. A ranar ya cafe ƙwallo bakwai, ya samar da yadi 113, ya ci sau biyu, Tennessee ta doke su 28 da 25. A watan Yuli ya sanar da cewa ya ajiye wasa.