Bashin karatu sunanka yake bi

Ɗalibai da yawa a Gombe sun ɗauka idan wani ya nemi lamunin karatu da sunansu, shi ya jiyo, tunda shi ya ci kuɗin. Ba haka ba ne. NELFUND, hukumar gwamnati mai ba da lamunin karatu, lambobi take gani: NIN, BVN da lambar JAMB. Mai lambobin za a bi bashi, shekara 2 bayan bautar ƙasa.

Abin da ke damuna, ɗalibi ya rubuta lambobin nan a 'yar takarda, ya bar wa mai shagon kwamfuta, ya tafi sallah.

Da ka ga alamar an yi amfani da lambobinka, sauya kalmar sirrin imel ɗinka, sanar da banki da makarantarku, ka kai ƙara wurin 'yan sanda, ka adana takardar rahoton.