Basma, wato zanen yatsa, ba ta magana da kanta kamar a talabijin

Watan jiya aka shiga ɗakin wata maƙwabciyarmu a nan Makka, wajen Shari'a Mansur, wato titin Mansur, aka ɗauke mata sarƙar zinari da kuɗin adashin da ta tura ƙarƙashin katifa. Kafin 'yan sanda su iso ɗakin ya cika da 'yan jaje, kowa ya taɓa ƙofa ya taɓa durowa, wata baiwar Allah har gyara gadon ta yi wai kar baƙi su tarar da ɗaki a hargitse. Amma ɗanta, wanda ya tashi da kallon CSI, shirin talabijin na Amurka kan masu binciken laifi, sai kumfar baki yake, "Umma wallahi da a Amurka ne da an ɗauki basma, kafin magariba ɓarawon na hannu". Basmar wa za a ɗauka, ta mutum ashirin?

Tun 2000 da aka fara wannan shirin yake koya wa mutane cewa gashi ɗaya ya isa, a saka a kwamfuta hoton mai laifi ya fito, duka cikin minti arba'in da 'yan kai. A Amurka masu gabatar da ƙara sun yi ta kukan cewa 'yan juri, wato mutanen garin da ake ɗebowa su yanke hukunci, sun koma neman gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, a kowace shari'a, sai dai wani alƙali a Michigan, Donald Shelton, ya bincika mutum sama da dubu a 2006 ya ga masu kallon sun fi sa rai da hujjar kimiyya amma hakan bai sa suna sakin masu laifi ba.

To mu nan babu juri, alƙali ke yanka. Namu ciwon daban ne, zargi ne. In ba a zo da hoda da burushin ɗaukar basma ba sai ka ji ana cewa ai don mu Takari ne aka share, ban ce ba a taɓa wulaƙanta baƙar fata ba, ana yi, amma ba kowane rashin basma ne raini ba.

Kuma ita kimiyyar ba wahayi ba ce. A 2004 hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta ce zanen yatsan wani lauya, Brandon Mayfield, ne a jikin leda bayan harin jiragen ƙasa na Madrid, aka tsare shi sati biyu, ashe na wani ɗan Aljeriya ne. A 2015 kuma ta amsa cewa ƙwararrunta na gwajin gashi sun yi kuskure a sama da kashi 90 cikin ɗari na shari'un da aka sake dubawa. Wannan fim ba ya nuna maka.

Shi ya sa ni ban ga laifin Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ba da ta zauna a nan Makka a 2002 ta ce a yi aiki da DNA wajen bincike da laifukan da babu haddi ko ƙisasi a cikinsu, ba ta yarda a yanke hannu ko a ɗauki rai da shi kaɗai ba. Wasu na ganin ci baya ne, ni taka tsantsan nake gani.

Ɗan sandan da ya zo abu biyu ya tambaya, wa ya san da kuɗin adashin, kuma kamarar baƙalar, wato kantin da ke kallon ƙofar gidan, tana aiki? Tambayar farko ce ta sa ɗakin ya yi tsit, don mata tara ne a adashin kuma shida suna zaune a wurin.